Katin da ke Cikin Baƙin Akwati

Kalgo, 3 ga Janairu

Abdulrasheed,

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu Bawa da mutanen gida. Tunda ka kashe mini waya kuma ka toshe lambata, na ba Abu direba wannan takarda ya kawo maka har shago.

Ka san laftof ɗina ba ta da ƙarfin ɗaukar zanen gine-ginen da muke yi a makaranta, shi ya sa na samo katin hoto mai ƙarfi, kai kuma ka ƙera masa baƙin akwatin nan da nake jonawa da laftof ɗin ta waya. Shekara guda yana aiki lafiya. Kafin hutu na kawo maka shi ka share ƙura, ka dawo mini da shi, na ɗora kan durowa na tafi Diggi wajen kakarmu. Sati biyar na yi. Jiya na jona shi, minti goma bai cika ba ya ɗauke, yana warin ƙuna. Sau huɗu ina gwadawa.

Wani ɗan ajinmu da ya san kayan nan ya ce alamar an musanya mini da tsohon kati ce. Ni kuwa na ga bidiyon da ka saka na ƙaramar kwamfutar da ka haɗa, wadda ba ta fi kwanon awo girma ba, wasan ƙwallo na gudu a cikinta kamar ruwa, samarin Gwandu na ta yi maka kirari. Daga ina ka samu katin da ke cikinta?

Ranar ashirin ga wata zan kare aikina na kammala karatu. Ka dawo mini da abina.

Ka huta lafiya.
Fiddausi

Gwandu, 5 ga Janairu

Zuwa ga Malama Fiddausi,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Gwaggo Delu.

Takardarki ta iso. Na kashe waya ne saboda kin kira ni ɓarawo sau uku a cikin numfashi ɗaya. Na san wasan taubasai, tun muna yara muke yi, amma wannan ba shi ba ne.

Kin tambayi inda na samu katina. Matacce na tsince shi cikin tarkacen wani mai gyara a Jega. Wata biyu na yi ina bin layukansa ɗaya bayan ɗaya da abin awon wuta, na canza abin da ya ƙone, kafin ya farfaɗo. Wannan aikin ne kika kalla a bidiyo kika ce sata ce, don a ganinki mai gyara a bakin kasuwar Gwandu bai isa ya yi shi ba.

Ɗan ajin naku ya buɗe akwatin, ko kuwa da hanci ya gane? Noti huɗu ne kawai. Ki kwance, ki duba lambar da ke jikin katin, ki gwada da wadda ke kan kwalinsa.

Na barki lafiya.
Abdulrasheed Bawa

Kalgo, 8 ga Janairu

Abdulrasheed,

Sallama. Ba zan taɓa noti ko ɗaya ba. Na san dabarar: in buɗe, ka ce ni na lalata. Kwalin kuma na yar tun bara, ka sani sarai, a gabanka aka zuba gawayi a ciki.

Matacce ka tsinta! Kullum kai ne mai sa'ar tsintuwa. Kai ne ka taɓa ce mini katina ya fi ƙarfin zanen ɗakuna, asara ce a bar shi a hannuna. Ka manta, ni ban manta ba.

Malamina ya ce in ban kawo cikakken zane ba sai baɗi. Shekara huɗu ina hawa babur daga gida zuwa makaranta cikin rana da ruwa, ba zan ƙara ta biyar saboda wasan ƙwallonka ba. Na gaya wa Inna komai, jiya kuma ta kira Kawu. In ba ka ji tawa ba, ka ji ta mahaifinka.

Wassalam.
Fiddausi

Gwandu, 11 ga Janairu

Fiddausi,

Bayan gaisuwa. Burinki ya cika, bari in ba ki labari.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba ya kira ni zaure. Baffa Nasiru na nan, da maƙwabcinmu, da mutum biyu da suka biyo su cin tuwo. Ya ce, "'Yar ƙanwata ta ce ka cuce ta." Na ce, "Baba, ban yi ba." Ya ce, "Ita marainiya ce, ba za ta yi maka ƙarya ba." Na ce a kawo akwatin a buɗe a gaban kowa. Ya ce shi bai san kan waɗannan ƙarafa ba, abin da ya sani shi zai yi. Ya sa na yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani ya aza mini a hannu.

Na rantse, Fiddausi. Shekarata ashirin da takwas, ban taɓa ɗaukar ko allura a gidan nan ba, amma sai da na dafa Littafi kafin ubana ya yarda da ni, a gaban baƙi. Kafin la'asar zance ya kai kasuwa. Mutum biyu sun zo sun ɗauke kwamfutocinsu ba tare da na gama gyara ba.

Ga sukudireba nan a cikin ambulan. A bayan takardar nan na rubuta lambar katinki, daga littafin da nake rubuta duk abin da ya shigo shagona. Ki kira Gwaggo, ki kira masanin naku, ki buɗe a gabansu. Ko kada ki buɗe. Ni dai na gama magana.

Abdulrasheed

Kalgo, 13 ga Janairu

Yaya Abdulrasheed,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba.

Na buɗe, Inna na zaune. Lambar ita ce, harafi da harafi. Katina ne. Zanzaro ne ya shiga ta ramukan iska lokacin da nake Diggi, ya yi gini a cikin fankokin guda biyu. Laka ta daskare, ko motsi ba sa yi. Har da tsutsotsinsa a ciki. Inna ta kalla ta ce, "Wannan ne ɓarawon?" Daga nan ta shiga ɗaki. Ɗan ajin namu da na kira shi cewa ya yi ai shi ma zato ya yi.

Tsoro ne ya rufe mini ido, amma wannan ba hujja ba ce. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah. Zan zo Gwandu in faɗa a zauren da aka sa ka rantsuwa, in bi har kasuwa in ka yarda.

Ban taɓa lakar ba, ina tsoron in karya wani abu.

Ƙanwarka,
Fiddausi

Gwandu, 14 ga Janairu

Fiddausi,

Wa'alaikumus salam. Kada ki sa ruwa. Ki ɓanɓare lakar a hankali da tsinken sakace, ki share da busasshen buroshi, ki juya kowace fanka da yatsa har ta yi gudu babu tsaiko. In katin bai riga ya ƙone ba, zai kai ki ranar ashirin. Allah ya ba da sa'a.

Gwaggo ta kira Baba jiya. Da safe ya zo ƙofar shago, ya tsaya ya daɗe, ya tambaye ni ko na karya kumallo, ya juya ya tafi. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya kasa haɗa ido da ni ba sai yau.

Kada ki zo tukuna.

Abdulrasheed