Ɗari da Uku Kullum

Bukur, 9 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga ƙanena Maniru, a Danchadi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Yaya yara? Ni lahiya lau nike, sai ɗan tari da sanyin ramin kuza ya sa mani. Bai kai a gaya ma Inna ba.

Takardarka ta iso. Ka ce ƙwai arba'in ka sa cikin akwatin ƙyanƙyasa, huɗu kaɗai sunka fito, kuma ma'aunin zafi na kan ɗari da uku kullum, safe da rana. Maniru, shekara biyu na yi ina riƙon akwatin ga. Da bazara, in ba a rage lagwanin fitila da azahar ba, zafi kan haura har ya dafa ƙwai. Wa ka rage shi ranar da ka tafi kasuwar Bodinga? Ko dai lambar da na koya maka ce kawai ka rubuto mani?

Kajin ga nike jira su maido ni gida. In ba ka dubawa, gaya mani, in roƙi maiɗakina ta karɓa. Gaskiya ba ta sa ni fushi.

Allah shi yi maka albarka.

Yayanka,
Mainasara