Kwalayen da ke Ɗakin Baya

Litinin, 3 ga Maris
Yau na ga cikin ofishin 'yan sanda, ni da furfurata. A kan benci, kusa da wani mai warin giya. Duk saboda Ɗan Gayu, ɗan hayan da na ba ɗakunan baya. Ashe kwalayen da yake ta jibgewa ba sabulu ba ne, jabun magunguna ne. Har da na zazzaɓin yara. Allah ya isa.

Mai binciken sai nanatawa yake, "Gidanki ne ko ba gidanki ba?" Gidana ne mana! Marigayi ya bar mini shi kango, ni na yi masa rufi. Wai mai gidan da ya san ana ɓoye irin kayan nan ya yi shiru, shi ma mai laifi ne. Na ce to na sani ne? Ya ce abin da za mu gano ke nan. Ɗan wana, lauya, shi ya zo ya yi belina.

Talata, 4 ga Maris
Dillalin da ya kawo mini Ɗan Gayu ya kashe waya. "Ko tarinsa ba za ki ji ba," in ji shi a lokacin. Munafuki.

Alhamis, 6 ga Maris
'Yan sanda sun datse ɗakin kwalayen da kwaɗo. Shi yana tsare, matar Ɗan Gayun kuwa na nan a ɗaya ɗakin, har da shanya zannuwa a igiyata. Ta durƙusa, "Mama, ina kwana," na wuce.

Na kira kafinta ya ɓalle mata ƙofa, in ga yadda za ta zauna. Ban san wa ya tsegunta wa lauya ba, sai ga shi yana haki. "Gwaggo, kina taɓa ƙofar nan za ki koma kan bencin can. Sai kotu ta yarda a fitar da ita." Wato sai na roƙi izini kafin in kori 'yan damfara daga gidana. Kafinta ya tattara kayan aikinsa yana ƙunshe dariya. Shi ma na gama da shi.

Lahadi, 9 ga Maris
Malamar da ke ɗakin gaba ta kwashe kayanta, wai ba ta son sunanta ya ɓaci. Mai shagon bakin layi kuma ya tambaye ni, a gaban jama'a, ko ina da na ciwon kai mai araha. Sun yi ta dariya. Na ajiye masa sukarinsa na fito.

Laraba, 12 ga Maris
An sake kirana. Maƙwabcin nan mai leƙe ta katanga ya shaida musu ya ga ina buɗe wa motar kayan ƙofa. Na buɗe, ana ruwan sama, mutum na tsaye yana jiƙewa. Taimako ya zama laifi. A hanyar dawowa sai da na matsa wa lauya ya ce in aka haɗa ni a tuhumar, kotu na iya ƙwace gidan. Ban iya cin komai ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Ina jin kukan matar Ɗan Gayu ta bango. Ta yi ta yi.

Talata, 18 ga Maris
An haɗa mu gaban mai binciken, ni da ita. Na shirya jin ƙarya. Sai ta ce mijinta ya gargaɗe ta, in Mama ta tambaya ta ce sabulu ne, kuma na tambaya, haka ta ce mini. Wai ya ce ya zaɓi gidan ne don "tsohuwar ba ta gani sosai." Ni! Ni da nake zura zare a allura ba tabarau!

Mai binciken ya ajiye biro. "Kin san maganar nan za ta nutsar da mijinki, ke ma ta shafe ki?" Ta ce ta sani. Ba ta ko dube ni ba.

Don ta ceci kanta ne, na tabbata.

Alhamis, 20 ga Maris
An cire sunana daga zargin. Lauya ya ce yanzu sai mu shigar da ƙarar fitar da ita, in sa hannu kawai.

Da la'asar yayyen Ɗan Gayu mata suka zo ƙofar gida suna zaginta, maciya amana, mai baƙar ƙafa, ɗaya har da tofa mata yawu. Ta tsaya kamar itace. Na fito da taɓarya, suka watse, ɗaya ta bar takalmi. Ba don ita ba. Gidana ba kasuwa ba ne.

Litinin, 24 ga Maris
An fara shari'ar Ɗan Gayu. Na je ne in ga fuskarsa a tsakanin 'yan sanda, na kuwa gani, duk gayun ya zube. Da aka kira matarsa ta ba da shaida ba wanda zai riƙe mata jaka, danginta ko ɗaya bai zo ba. Na riƙe. Jaka ce kawai.

Lauya ya sake tuna mini sa hannu. Na ce ya bari in huta tukuna.

A motar hayar da muka shiga tare barci ya kwashe ta, kanta ya faɗo kafaɗata. Nauyi kamar dutse. Ban ture ta ba, motar ce ta cika, ba wurin motsi.