Tukunyar Madarar da ke Kan Murhu

Abban Zuweira,

Na ga barcinka ya yi nauyi, shi ya sa ban tashe ka ba. Albishirinka! Maman Devika ta yarda! Ɗazu a wajen wanki ta tare ni, ta ce yau da ƙarfe biyu za ta kawo 'yarta. Ka san tun da muka tare a titin Grand Concourse ba ƙawar da ta taɓa zuwa wajen Zuweira. Da na faɗa mata sai tsalle a kan kujera, ta canza riga sau uku.

Sharaɗi ɗaya matar ta yi, har da riƙe min hannu. Su Hindu ne, kuma a ibadar gidansu ba a haɗa madara da gishiri a tukunya ɗaya, ko ƙwaya. Na ce ta kwantar da hankalinta. Sai da na hawo bene na tuna da kai.

Shinkafa da madarar nan ta yara ce. Na san halinka, za ka ɗaga murfi, ka ɗanɗana, ka ce "Kai, lami!" Don Allah haka ake so. In yarinyar nan ta ci gishiri a ciki, na ci amanar uwarta, kuma ba za ta sake turo ta ba.

Mun tafi sayo ayaba da balan-balan, kafin azahar za mu dawo. Ka yi haƙuri da ƙwanka na safe. Gishirin gidan kaf yana cikin jakata, har ɗan ƙullin da kake ɓoyewa bayan gwangwanin shayi.

Fauzia