Ƙanina Direban Motar Yara Ne, Kuma Na Ji Abin da Ya Faɗa

Anti mai shawara, don Allah ki taimaka min kafin kaina ya fashe. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni tela ce, ina da shago mai ɗan lungu a baya inda nake jibge yadi. Ƙanina, autanmu, ya faɗa shan ƙwaya bayan rasuwar Babanmu, mun sha wahala ba kaɗan ba. Da ya fara dawowa hayyacinsa, ni na nemo masa wata ƙwararriya mai ba da shawara ta intanet, suna magana ta bidiyo duk mako. A gida ba zai yiwu ba, don Mama ko tari ka yi sai ta tambayi dalili, shi ya sa yake zuwa lungun shagona. Falanki ne kawai tsakaninmu. Da ya shiga sai in kunna keken ɗinkina mai amfani da wuta, ko ba ni da aiki, don ƙarar ta rufe maganarsa. Har tsokanata yake wai ni ce mai gadinsa.

Ganin ya natsu, na roƙi shugabar makarantar da 'yata take, wadda nake yi wa ɗinki, ta ɗauke shi direban motar yara. Ni na tsaya masa. Ban gaya mata tarihinsa ba.

Makon jiya yana ciki aka ɗauke wuta. Keke ya tsaya, fanka ta tsaya, shago ya yi tsit. Na so in tashi in fita, wallahi na so, amma ban tashi ba. Na ji shi yana kuka yana cewa ya koma shan ƙwayar, kuma da safe kafin ya tada mota yake haɗiya, don in bai sha ba hannunsa rawa yake. Matar ta ce masa lallai ya ajiye tuƙi ya ga likita. Ya ce ba zai iya ba, wai in ya rasa aikin nan da wane ido zai kalli Yayarsa, ni kaɗai ce na yarda da shi a duniya.

Ya fito yana murmushi, ni ma na yi masa murmushi. Tun ranar ni nake kai 'yata makaranta da kaina, na ce masa mota tana sa ta amai. Duk safiya in na hango motar cike da yara sai in bi ta da addu'a. In na faɗa wa shugabar, ya rasa aiki. In na tunkare shi, ya san na saurara, ba zai sake shiga lungun nan ba, kuma maganar da yake yi da matar nan ce kaɗai ke riƙe da shi. Anti, tsoro nake ji. Ya zan yi?

Yayar direba

'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi. Kin yi wa ƙaninki abin da ba kowace yaya za ta yi ba, kuma ba laɓe kika yi ba, wuta ce ta ɗauke. Tsoronki na kada ya guji mai ba shi shawara yana kan hanya. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Ranar da kika cire 'yarki daga motar nan kin riga kin yanke hukunci cewa bai kamata ya tuƙa yara ba. Sauran yaran iyayensu ne kawai ba su ji abin da kika ji ba.

Ki same shi yau, ku biyu, ba a gaban Mama ba. Ki faɗa masa yadda aka yi kika ji, ki ba shi haƙuri, ban da faɗa da gori. Abin da ya fi tsoro shi ne ranar da za ki sani. Ki nuna masa kin sani, kuma ba ki guje shi ba.

Sannan ki ba shi dama ya je wurin shugabar da ƙafarsa ya nemi hutun jinya, ki raka shi in yana so. Ku ga likita ido da ido, don rawar hannun nan ta wuce magana ta waya, kuma kada ya yanke ƙwayar lokaci guda ba tare da likita ba. Ki roƙe shi ya ci gaba da magana da matar, ko da sai ya canza wuri. In ya yarda, ku yi zama ɗaya tare da ita.

In ya ƙi, ki gaya masa kai tsaye cewa za ki kira shugabar, kuma ki kira kafin motar ta sake tashi. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai kula ki ba. Ki jure. Fushinsa zai wuce, aiki kuma ana samun wani, amma in wani abu ya sami yaran nan, daga ke har shi ba mai iya ɗauka.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kuma mayar da kowane yaro gida lafiya, har da autan Mamanku.