Ƙullun da Ya Ƙi Buɗe Ido

Lahadi, 7 ga Janairu

An koma makaranta yau bayan hutun sanyi, da yake a nan Lahadi ake fara mako. Na tashi 'yata Tiziri da wuri, na goge mata riga, na duba jakarta kafin ta karya da kuma bayan ta karya. Gashinta ne ya gagare ni. Yatsun Yemma, mahaifiyata, sun kumbura da ciwon sanyi, ba ta iya kitso, sai dai ta zauna gefe tana ba da umarni. Tiziri ta ce, "Baba, kana ja kamar mai ɗaure bakin buhu." Haka ta tafi, jela ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Matata Dahbiya ba ta dawo daga ƙauyensu ba. Wanta, Dda Meziyan, shi ya kawo yarinyar jiya, da galan ɗin man zaitun. Bai shigo ba. Daga bakin ƙofa ya ce tsinkar zaitun ba ta ƙare ba tukuna. To man da ya kawo fa, daga ina? Ban tambaya ba.

Bari in rubuta abin da ya faru yadda yake, kada in ƙara, kada in rage. Ranar da aka ba da hutu Tiziri ta kawo sakamako, lissafinta ya yi ƙasa. Muna cin abinci, Yemma na nan, Dda Meziyan ma ya zo gari. Na ce, "Wadda ba ta gama firamare ba ce ke duba mata aiki, me ake jira?" Iyakar abin ke nan. Gaskiya ce kuma, ba ta gama ba. Washegari ta ce za ta je ƙauyensu ta taya su zaitun.

Wataƙila wurin faɗar ne bai dace ba.

Litinin, 8 ga Janairu

Aikin duba mitar ruwa ba na mai ɓoye zance ba ne. Kowane gida na shiga sai an ce, "Si Arezki, ya maiɗakin? Zaitun ɗin nasu bana da yawa, ko?" Ina durƙushe a kan mita, ba na ɗago kai.

Da yamma Tiziri ta shigo ba ta ko cire takalmi ba. Malama Ferruja ta ce ranar Alhamis za a yi bikin Yennayer a makaranta, tunda sabuwar shekarar tamu ta faɗo Juma'a. Kowane gida da abin da zai kawo, iyaye mata kuma su zo. Tiziri ta ɗaga hannu ta ce Mamarta za ta yi tigrifin irin na bara, wainar nan mai idanu da malamai suka yi ta santi. Sai Silya, 'yar maƙwabtanmu, ta ce, "Ƙarya ne, Mamarki yaji ta yi, na ji a gidanmu."

"Me kika ce mata?"

"Na rantse za ta zo. A gaban kowa, Baba."

Na ce rantsuwa ba abin wasa ba ce. Ta dube ni, ta shige ɗaki. Me ya sa wannan ce maganar da ta fara zo mini?

Shekararta takwas. Idan Alhamis ta zo babu waina babu uwa, da wane ido za ta zauna a ajin nan har bazara?

Talata, 9 ga Janairu, da safe

Na ɗauki waya, na ajiye. Idan na kira, me zan ce?

Talata, da yamma

Waina dai ba sihiri ba ce. Gari, ruwan ɗumi, yis, gishiri. Na aro sikeli a kantin ƙasa, na auna komai daidai, na dama, na rufe. Na riƙa leƙawa don in ga ko ƙullun yana tashi, na ɗan juya shi kowane leƙe saboda kada ya kwanta. Na ɗora kaskon ƙasa na Dahbiya, na zuba.

Ko rami ɗaya. Sumul kamar tafin hannu, ga nauyi.

Yemma ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu. "Makauniya ce. Sabuwar shekara za ta shigo ta tarar da waina ba ido? Kai yaro, so kake mu yi shekara muna lalube?" Na ce ta gaya mini inda na kuskure. Ta ce rabonta da kaskon nan tun da ta yi suruka, kuma ba ita ta kori mai kaskon ba. Amma fa ranar da na yi maganar, dariya ta yi. Na tuna sarai.

Tiziri ta ci rabi don ta faranta mini. Na ga lokacin da ta tura sauran ƙarƙashin faranti.

Na kasa zama. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 10 ga Janairu

Na nemi izini a wurin aiki na je makaranta lokacin tara, da niyyar in ce wa Malama Ferruja ta cire mu daga masu kawo waina, za mu kawo lemo. Na shirya maganar tun a hanya. Yara na ta manna takardu masu launi a tagogi, 'yan aji biyar na koyon waƙa, wani uba na saman tsani yana gyara murhun gas na ajinsu. Kowa da abin yinsa.

Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ce, "Si Arezki, bar zancen waina." Ta buɗe mini littafin Tiziri. Shafin ya huje wuri uku saboda gogewa. Ta ce tun da aka dawo, in ta kira ta allo sai ta rubuta amsa, ta share da hannun riga kafin a gani. Sau da yawa kuma amsar daidai ce.

"Yanzu wa ke duba mata aiki a gida?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "To." Ta rufe littafin. Wannan "to" ɗin ya bi ni har unguwar sama, har na rubuta mitar wani gida a layin maƙwabcinsa. Ban taɓa yi ba.

Ban yi zancen lemon ba.

Da la'asar na sake gwadawa. Makafi.

Bayan magariba na kira. Ga abin da na riƙe:

"Ni ne."

"Na ga lambar."

"Ƙullun ya ƙi ido."

Ina jin ƙannenta suna hira a baya, sai hirar ta tsaya.

"Sau nawa ka buɗe shi?"

Na ce dubawa kawai nake yi.

"Arezki, lulluɓe shi da bargo ka fita daga kicin ɗin. Je ka karanta mitar maƙwabta."

Na ce Tiziri ta rantse a aji za ki zo. Ta ce ta sani, yarinyar ta gaya mata ta waya tana kuka. "Kai fa, me ka ce?" Na ce an share dusar ƙanƙara daga hanyar dutse, motar safe tana tashi.

"Ban tambaye ka labarin hanya ba."

Ta kashe. Ban san ko wannan i ba ne ko a'a. Tiziri ta tambaye ni, na ce ta kwanta.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na dama kafin asuba, na lulluɓe da bargon Yemma, na tafi masallaci. Bayan salla ban dawo ba. Na zaga ta tashar mota, na zaga ta gidan burodi, sanyi na cin kunnuwana, hannuna na ƙaiƙayin son ɗaga bargon nan. Da na dawo ƙullun ya cika roba yana kumfa. Na zuba ta farko, sai ga ramuka suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ba duka ba, gefe ɗaya ne. Na tsaya ina kallo kamar wawa har ta kusa ƙonewa.

Na sa wa Tiziri rigar biki, na ɗaura mata zane mai ratsin ja da rawaya yadda na ga ana yi. Yemma ta ce kamar an naɗe gora.

A makaranta ni kaɗai ne namiji mai tire. Mata sun cika ajin, azurfa na ƙara, ƙamshin kuskus da man zaitun. Uwar Silya ta ce da ƙarfi, "Maraba da amarya! Ina naki zanen?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce a ba ni wuri kusa da murhu kada lallena ya lalace. Na yi dariyar ni ma.

Tiziri ba ta zauna ba. Tana bakin taga, idonta a ƙofar makaranta. Shugaban makaranta ya yi jawabi, aka yi waƙa, aka zaunar da ƙaramin cikin 'yan aji ɗaya a babban akushi aka zuba masa alewa da goro a ka, yara suka yi wawaso. Ba ta ko juyo ba. Na ji Silya na cewa, "Ina take?" Na fara shirya abin da zan ce wa Tiziri a hanyar gida. Ban samu komai ba.

An fara raba abinci ke nan Dahbiya ta shigo. Takalminta duk taɓo, motar ce ta maƙale a hawa. Ba ta dube ni ba. Ta wuce kai tsaye ta durƙusa gaban Tiziri, ta kwance zanen ta sake ɗaurawa, ta warware kitsona da yatsu biyu ta yi nata. Tiziri ba ta yi kuka ba, ba ta yi tsalle ba. Ta juya ta ce wa Silya, "Ga ta."

Dahbiya ta ɗauki wainata ta ɗaga ta wajen haske. "Mai ido ɗaya," in ji ta. "Ta fi makauniya." Ta ci. Ta ce gishiri ya yi yawa. Gishirin kuwa daidai na auna.

Can Malama Ferruja ta sa Tiziri ta karanta tatsuniyar sabuwar shekara, ta tsohuwa da akuyarta, a gaban iyaye. Ta karanta ba gargada, har da canza murya. Wata uwa ta ce, "Masha Allah, wa ya koya mata haka?" Ta dube ni, tunda ni aka sani da biro a aljihu.

Na ce, "Uwarta ce."

Muryar ta fita fiye da yadda na yi niyya. Har uwar Silya ta juyo. Dahbiya na gyara ɗankunnen Tiziri, ba ta ɗago ba, amma hannunta ya ɗan tsaya.

Ta koma a motar la'asar. Ban ce ta tsaya ba. Ita ma ba ta ce in ce ba.

Da magariba muka yi cin abincin shekara, kuskus da zakara. Tiziri ta jera cokula a akushi, na kowa da na waɗanda ba sa nan, ƙanena da ke Faransa, yayata da ke aure a birni. Ta ɗauko na Mamarta, sai Yemma ta ce cokali na wanda tafiya ta raba da gida ne, ba na wadda ta fita da fushinta ba. Tiziri ta tsaya da shi a hannu tana kallona. Na karɓa na soka shi kusa da nawa. Na ce ai ya riga ya fito.

Yemma ta ci loma biyu, sannan ta ce wa akushin, ba ni ba, "Ubanka sau biyu ya je bikona. Bai mutu ba."

Juma'a, 12 ga Janairu

Sabuwar shekara. Rana ta fito, duwatsu fari fat.

Tiziri ta yi aikin gida na ranar Lahadi a teburin kicin. Na wuce ta bayanta zan ɗauki kofi, na ga lissafi na huɗu ba daidai ba ne. Ta ji ni, ta kai hannu kan abin gogewa. Na ce ta gama ta zo mu je sayen burodi. Malama za ta gani, aikinta ne. Kuma ban ga jan biron da nake gyara mata aiki da shi ba tun jiya.

Gobe zan bi motar safe zuwa ƙauyen su Dahbiya. Galan ɗin Dda Meziyan ne, ba kyau a riƙe wa mutum kayansa. Ba wani abu ba ne. Man da ke ciki na juye a kwalabe, da bai shige ba na ƙara da tukunyar miya.

Na yi aski.