Ƙyaure na Bakwai a Hanyar Kekuna

Thornsgill,
4 ga Yuni.

Yaya Edna,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki da ba ta jin magana. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan taki? Ina fatan Gordon da jikoki duk suna lafiya, sanyin Kanada kuma ya sake ku. Mu nan sai godiyar Allah.

Wasiƙarki ta iso, faɗan da ke ciki na karanta shi har sau biyu. Wai mace mai shekara sittin da huɗu ta nemi kujera ta zauna, ta bar wa yara keke. Haba Yaya! Shekara talatin da ɗaya ina rabon wasiƙa a kwarin nan, babu gonar da ban san hanyar bayanta ba, babu karen da bai san muryata ba. Duk wannan in tafi da shi kabari? To ki ji, hanyar kekunan da nake tsarawa ta haɗu. Mil arba'in cif, babu kwalta sai 'yar wadda ke gaban coci. Daga bayan tsohon gidanmu za ki hau hanyar masu haƙar dalma, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya, har ki fita kan tudu inda babu bishiya ko ɗaya, daga iska sai tumaki. Daga nan ki gangara gandun daji, ki ɓulla ta gadar da kika faɗa ruwa da rigar biki. Hunturu uku ina aunawa, ina zana taswira a teburin kicin. Ni na yi ta, kuma ba zan yi kawaici ba, ta yi kyau.

Saura mil ɗaya, kin kuwa san gonar wanda ya ratsa. Ambrose Raine. Yana nan yadda kika bar shi, sai ƙarin furfura da sanda. In bai yarda ba hanyar ta tsinke a tsakiya, don hagu fadama ce mai haɗiye saniya, dama kuma gangaren dutse. Na same shi yana gyaran katanga, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Hilda mai wasiƙa, ke ce za ki kwaso mini masu matsattsen wandon nan? Bara wani ya bar mini ƙyaure a buɗe, kwana biyu ina neman raguna."

Na ce, "Nawa ba irin waɗannan ba ne."

"Duk uwarsu ɗaya. Rana guda na ba ki, albarkacin babanki. Ƙyaure tara ne. In na tarar da ɗaya ba daidai ba, kwaɗo zan garƙama, ko fasto ya zo roƙo ba na cirewa."

Asabar ta sama ce ranar gwajin. Mutum goma sha biyu za su zo, yawancinsu daga birni. Na rubuta musu da manyan baƙaƙe har na ja layi a ƙasa: duk ƙyauren da ka wuce, ka rufe. Ni zan biyo baya in duba da idona. Ki sa ni a addu'a, ki rage faɗa.

Ƙanwarki,
Hilda.

Thornsgill,
15 ga Yuni.

Yaya Edna,

Ina gaishe ki da ku duka, da fatan lafiya.

Na yi kuskure, Yaya, irin wanda da Baba na raye da bai iya kallona ba.

Mako uku ba mu ga ruwan sama ba. An tashi lafiya, kowa na yaba hanya, ni kuma ina can baya ina jijjiga kowane ƙyaure. Tayata ta yi faci a kan tudu, don haka sun ba ni tazarar wajen awa uku. Da na iso ƙyaure na bakwai na tarar da shi a rufe gam, an naɗe sarƙar har sau biyu. Har na yi murmushi. Sai na ji kukan tumaki, iyaye a sama, 'ya'ya a ƙasa. Na duba gefe, ga dutse an mirgine shi, ga gurbinsa a ciyawa.

Ke kin sani, duk ɗan kwarin nan ya sani, ƙyauren da aka tokare da dutse mai gona ne ya bar shi a buɗe da gangan. Ruwan kan tudu ya ƙafe, Ambrose ya bar wa tumakin hanyar sauka rafi. Ni 'yar makiyayi, tsoron barin ƙyaure a buɗe ya rufe mini ido, na manta in gaya wa baƙina wannan. Wanda ke kan gaba, wani likitan haƙori mai suna Lionel, ya bi umarnina sau da ƙafa. Ƙishirwa kuwa ta sa wajen tumaki arba'in suka bi ta inda katanga ta zube suka shige gandun daji.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya da dutsen a hannu ina tunani. In na mayar da shi na yi shiru, Ambrose katangar zai ɗora wa laifi, hanyata ta tsira. Na mayar da dutsen, amma na gangara gidansa na faɗa masa komai, na ce laifina ne.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce kawai, "Kare biyu ba sa iya gandun nan. Mahaɗar hanya ta yi yawa."

Na garzaya shagon shayi na ƙauye. Mutanena sun baje, sun cire takalma, ga shayi ga kek. Da na yi bayani Lionel ya miƙe fuskarsa ta yi fari fat. "Wayyo, Anti Hilda! Ni fa har hoto na ɗauka don ki ga yadda na ɗaure shi." Ba wanda ya yi dariya. Dukansu goma sha biyun suka mayar da takalma, mutanen da suka riga suka tuƙa mil arba'in.

A nan ne taswirata ta yi rana. Na san kowace mahaɗa a gandun nan, na dasa mutum ɗaya a kowacce, ya gitta kekensa ya tare hanya. Karnuka suka shiga cikin itatuwa, Ambrose na zagaye a kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu yana ihu. "Kai mai jan wando, buɗe hannuwa! Tunkiya ce, ba surukarka ba!" Awa huɗu muka yi. Duk aka same su, sai ɗan rago ɗaya da ya nutse a fadama wajen neman uwarsa. Lionel ne ya shiga laka har ƙugu ya ciro shi, ya saɓo shi a kafaɗa ya kai wa Ambrose. Tsohon ya karɓa, ya aza a bayan babur, ya tafi.

Ina alfahari da mutanen nan, ko da hanyar ta mutu. Amma zuciyata babu daɗi, jiran kwaɗo kawai nake yi.

Taki,
Hilda.

Thornsgill,
26 ga Yuni.

Yaya Edna,

Barka da war haka. Yaya gida, yaya Gordon da tarin nasa? Na gode da kiran da kika yi, na kuma gode da ba ki ce kin gaya mini ba, ko da yake na ji kalmar tana yi miki ƙaiƙayi a harshe.

Kwana goma ban ji daga Ambrose ba. Jiya na kasa haƙuri, na hau keke da safe na nufi tudu. Tun daga nesa na hango babur ɗinsa a ƙyaure na bakwai, shi kuma ya duƙa yana ƙwanƙwasa wani abu a jikin ginshiƙi. Na ce shi ke nan. Na sauka na turo keken a hankali, don kada ya ce na zo roƙo.

Ashe ƙusa yake kafawa. A ƙasa ga guntayen katako tara, duk ya shafe su da jan fentin da yake yi wa tumakinsa alama.

Ya ce, "Mutanenki ba su iya karatun dutse ba, to su karanta wannan. In sun ga jan katako a rataye, su bar ƙyaure a buɗe. In babu, su rufe. Ko likitan haƙori zai gane."

Na ce, "Ragon fa, Ambrose?"

"Rago ya tafi." Ya ci gaba da buga ƙusarsa, can ya ce, "Shekara hamsin ana yi mini ɓarna a tudun nan. Ba wanda ya taɓa gangarowa ya ce mini ni ne."

Na riƙe masa katakon. Da ya gama ya miƙe da ƙyar, ya dafa ginshiƙin, yana kallon can nesa ba ni ba.

"Ranar sha biyu ga watan gobe zan sauko da garken duka don askin gashin tumakin. Ƙafar nan ta ƙare, ba ni da masu tare mini hanya. Ki ce wa masu wandon nan su zo. Shi ma mai jan wandon ya zo, ya fi karena sabo hankali."

Yaya, Ambrose Raine da bakinsa yake neman mutanena! Na gyara hular kwanona, na ce, "Sai na duba ko suna da sarari."

Na hau keke na tafi, baya a miƙe. Ban kai kwanar farko ba hawaye ya hana ni ganin hanya, dole na tsaya a bayan katanga inda ba zai hango ni ba.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai hanya mil arba'in,
Hilda Metcalfe.