A Maido da Sunayen Masuntan Madarumfa Cikin Kundin Rabi

Zuwa ga Shugaban Sashen Karatun Masta na Adabi da Zamantakewa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da malaman da ke aiki tare da kai. Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Madarumfa, kuma ɗiyar masunci. Yabo na kawo, Ranka ya daɗe, amma da ƙorafi ɗaya a gindinsa.

Na farko. Ɗalibarku Rabi ta zo mana da rani, tana binciken yadda bakin tafkinmu ya yi ta gaba da baya tun zamanin kakanni. Da na tambayi fanninta, ta ce mini uku ne: tarihi, labarin ƙasa da adabin baka. Na ce a raina, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Ashe ni ce ban sani ba. Ta zauna kan tabarma gaban mahaifina, Malam Idi, wanda yanzu idonsa ya tafi, tana sauraren waƙoƙin masunta da sunayen tsoffin gonaki, sannan ta gwada su da tsoffin taswirori. Wata tsamiya da waƙa ta ce ruwa ya taɓa kaiwa gindinta, sai da Rabi ta hau amalanke ta je ta gan ta da idonta. Sashen da ya yarda ɗaliba ta haɗa waƙa da taswira, ni dai na sara masa.

Na biyu. Masu bincike sun sha zuwa, su sha ruwanmu, su tafi, ko ƙeyarsu ba mu sake gani ba. Rabi kuwa da ta kare aikinta gabanku, ta dawo da kundin da hannunta, ta fassara wa mahaifina shi da Hausa. Wannan tarbiyyarku ce, Allah ya saka muku.

Na uku, nan ne ciwon. Babu sunan mahaifina a ciki. An kira shi mai ba da bayani na huɗu. Rabi ta ce dokar sashenku ce, don a kare waɗanda suka yi magana. Na gane hikimar. Muna bakin iyaka, kuma wanda ya faɗi sirrin fatauci ta garin Ɗan Issa ba zai so a ambace shi ba. Amma ba wanda ya tambayi mahaifina ko yana son a ɓoye shi, alhali marubutan da ba su taɓa jin ƙarnin kifinmu ba, ga sunayensu reras a ƙasan shafuka.

Shi kuwa bai taɓa buɗe labari ba sai ya faɗi daga wa ya ji: daga kawunsa Ɗan Tani, shi kuma daga Gwamma mai bandar kifi. Su ma an share su. Ranar da aka fassara masa kundin, bai ci abincin rana ba. Tun daga nan, in matasan masunta suka zo neman labari, sallamar su yake yi, wai an ba shi amana ta salwanta a hannunsa. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Roƙona biyu ne. Daga yau a riƙa tambayar kowa ko yana son sunansa ya fito. Kuma a ba Rabi izini ta maido da sunayen nan kafin kundin ya shiga ɗakin karatu, ba tare da an ga laifinta ba, don doka ta bi. Mahaifina ya ce in dokar ta hana, shi a bar shi a na huɗun, ya yafe. Amma Ɗan Tani da Gwamma ba su da sauran mai ambatonsu a duniya sai shi, shi kuma ya tsufa.

Allah ya ƙara wa sashenku albarka, ya ba ku ɗalibai irin Rabi, ya sa ku ma kada a rasa masu ambatonku da alheri.

Wassalam.

Hadiza Idi,
Madarumfa.